Sharhi kan aikin mai ba da shawarar kasuwanci da na ɗauka don sana'ar garin kunu da yaji

Sana'ata ita ce haɗa garin kunun gyaɗa da garin kunun tsamiya da yaji, in ƙulla a leda mai tambari, in bai wa masu shaguna sari, wasu kuma su yi oda ta waya a kai musu gida. A unguwar Ɗorayi nake aikin tare da 'yan mata masu taya ni. A bara na ɗauki wani mai ba da shawara kan harkokin kasuwanci, bisa yarjejeniyar zai duba lissafina, ya gyara mini farashi, ya kuma nuna mini hanyar yin rajista. Tun daga lokacin, 'yan'uwa masu sana'ar hannu suke tambayata ko kuɗin da na biya ya yi amfani, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani dalla-dalla. A wajen lissafi da farashi mutumin ya ci kuɗinsa da halal, amma a wajen bashi da rance shawararsa ba ta zauna daidai da yadda ake ciniki a Kano ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai zauna a ofis ya aiko mini da takardu ba. Ya zo wurin aikin da kansa, ya nemi littafin da nake rubuta ciniki da saƙonnin banki da ke wayata, sannan ya ce a sayo sikeli. Dalilinsa shi ne kwano ba awo ba ne da za a dogara da shi a lissafi, domin cikarsa ta danganta da hannun mai awo da kuma kasuwar da aka yi awon. Muka auna gero kafin surfe, muka sake aunawa bayan an surfa an wanke an shanya, muka kuma auna garin bayan niƙa da tankaɗe. Haka muka yi wa gyaɗa bayan suya da murza, da barkono bayan an cire masa hanci an daka. Duk mai wannan sana'a ta san kaya suna raguwa a hanya, sai dai sanin cewa suna raguwa daban, sanin iyakar abin da ya ragu a kowane buhu kuma daban, kuma a kan na biyun ne ake iya ɗora farashi.

Daga nan ya sa aka rubuta duk abin da ake kashewa kafin leda ɗaya ta isa hannun mai saye: kuɗin citta da kanumfari da masoro da kimba, kuɗin niƙa, gawayin suyar gyaɗa, leda da sitika, ladar ɗan dako, kuɗin adaidaita sahu daga kasuwar hatsi ta Dawanau zuwa gida, ladar 'yan matan da ke ƙulli, har da katin waya da ake kiran kwastomomi da shi. A ƙarshe ya ƙara layi ɗaya da yawancinmu mata masu sana'ar gida ba ma sakawa, wato ladar aikina ni kaina. Ya ce matuƙar mai sana'a ba ta yanka wa kanta albashi ba, abin da take kira riba guminta ne kawai aka mayar mata, kuma ranar da rashin lafiya ya sa ta ɗauki wata ta tsaya a madadinta, a ranar za ta ga ko sana'ar tana ciyar da kanta.

Mafi amfanin abin da na koya a hannunsa shi ne yanka farashi bisa kuɗin sake sayen kaya, ba bisa kuɗin da aka saye su a baya ba. Al'adarmu ita ce idan aka sayo buhu, sai a ɗora riba a kan abin da aka biya, a sayar har ya ƙare, sannan a koma kasuwa. Wannan tsari yana tafiya daidai muddin farashi yana zaune. To amma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500 cikin 'yan kwanaki, aka kuma saki darajar naira a watan Yunin shekarar, farashi bai sake zama wuri ɗaya ba, har alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A irin wannan yanayi, a ɗauka misali kin kashe naira 50,000 wajen haɗa kaya, kin sayar a naira 58,000, sai ki lissafa kin ci ribar naira 8,000, ki cire ta ki yi cefane. Kin koma kasuwa kin tarar irin kayan sun zama naira 60,000. Abin da ke hannunki yanzu ba zai sayi adadin da kika saya a baya ba, don haka jarinki ya ragu alhali littafi yana nuna riba. Ta wannan hanya uwar kuɗi take zagwanyewa a hannun masu ƙananan sana'o'i ba tare da an yi musu sata ba, kuma ba tare da sun yi almubazzaranci ba.

Maganin da ya kawo mai sauƙi ne. Kowane mako ina kiran wanda nake sayen hatsi a wurinsa a Dawanau da mai kayan yaji a kasuwar Kurmi in ji farashin ranar, in zuba a wani jadawali da ya zana mini a takarda, jadawalin kuma ya nuna mini kuɗin da leda ɗaya za ta ci idan a yau zan haɗa ta. Ya kuma ba ni shawarar sayen gero da gyaɗa da yawa a lokacin kaka, tun daga wajen Oktoba, domin zuwa tsakiyar damina kayan sukan yi tsada, amma ya gargaɗe ni kada in ajiye fiye da abin da ɗakin ajiyata zai iya karewa daga danshi da ƙwari, musamman gyaɗa wadda ba ta jure laima. Da muka zo kan tsoron da kowa ke yi na cewa ƙarin kuɗi zai kori masu saye, na ji daɗin matsayar da ya ɗauka. Ya hana rage cikar leda a ɓoye a bar farashi yadda yake, wanda abu ne da ya yawaita a kasuwa a 'yan shekarun nan, kuma tauye mudu ne ko da an canza masa suna. Maimakon haka muka fito da ƙaramar leda mai sauƙin kuɗi, aka rubuta nauyin kowace leda a jikinta. Masu shaguna a unguwannin cikin Birni sun fi ɗaukar ƙaramar, babbar kuma ta fi tafiya a wajen masu oda, musamman gab da azumi lokacin da neman garin kunu yake ƙaruwa.

Ya sa na buɗe asusun banki na sana'a daban da nawa, in riƙa tura wa kaina albashi a ƙarshen wata. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 yawancin cinikina ta hanyar turawa ake biya, don haka wannan rabuwa ta sa lissafi ya fito fili, har da naira 50 da ake cirewa a kan turin naira 10,000 zuwa sama, wadda ba ta da yawa a ciniki ɗaya amma tana taruwa. Ya kuma kafa wa 'yan matan doka cewa kada a saki kaya saboda an nuna musu hoton rasit a waya, sai an ga kuɗin sun shiga asusun.

Batun rajista bai ɗauki lokaci ba. Ya bayyana mini bambancin rajistar sunan kasuwanci da rajistar kamfani a hukumar CAC mai kula da harkokin kamfanoni, da cewa dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai, da cewa mai sunan kasuwanci harajinsa na hukumar tattara haraji ta jiha ne, kamfani kuwa da hukumar tarayya yake hulɗa. Ya ce a matakin da nake, sunan kasuwanci ya wadatar, haka kuma aka yi. Game da lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda manyan kantuna ke nema kafin su karɓi abincin da aka ƙulla, ya faɗa mini gaskiya cewa sai an ware wurin aiki daban da kicin ɗin gida, an zo an duba shi, an kuma gwada kayan, kuma bai yi mini alkawarin wata gajeriyar hanya ba. Na girmama shi a kan wannan.

Inda muka saɓa shi ne bashi. Da ya tattara abin da nake bin masu shaguna, sai ya ce a daina ba da kaya sai da kuɗi hannu, kuma ya dage a kan haka kamar babu wata mafita. A takarda maganarsa daidai ce, domin kuɗin da ke hannun wani ba ya juyawa, kuma a lokacin hauhawar farashi duk ranar da ya ƙara kwana a waje darajarsa raguwa take yi. Sai dai wanda ya san Kantin Kwari ko kasuwar Singa ya san cewa wani babban ɓangare na cinikin garin nan a kan amana yake tafiya: babban ɗan kasuwa ya ba na ƙasa da shi kaya, shi kuma ya sayar ya kawo kuɗi ya ɗauki wasu, kuma da yawa daga cikin masu shagunan da ake gani a yau ta haka iyayen gidansu suka yaye su. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Mai tireda a unguwa ba shi da jarin da zai saya mini leda hamsin ya ajiye yana jiran masu saye, idan kuma na hana shi, akwai wata mai irin sana'ata da za ta ba shi kafin la'asar.

Na kai maganar wurin kawuna, wanda ya daɗe yana sayar da kayan masarufi a Singa. Bai ce mai shawarar ya yi kuskure baki ɗaya ba. Ya ce ba bayar da bashin ne ke karya ɗan kasuwa ba, bayar da shi ba iyaka, ba rana, ba rubutu ne, ya kuma tuna mini cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi zuwa ajali sananne. Tsarinsa shi ne kowane mai karɓar kaya yana da iyakar da ba ya wucewa, ba a ba shi sababbi sai ya kawo kuɗin na baya, sabon mutum kuma sai wani sananne ya tsaya masa, sannan farashin da aka yi a ranar bayarwa shi ne farashin, ba a ƙara masa komai saboda jinkiri. Na mayar wa mai shawarar da wannan bayani, kuma don a yi masa adalci, ya saurara, ya zana mini shafin bashi mai ɗauke da suna da rana da iyaka da sa hannu. Amma abin da ya kamata a ce ya zo da shi tun farko, daga wurin dattijon kasuwa ya fito. Ina ganin duk wanda zai karɓi kuɗin 'yan kasuwar Kano don ba su shawara, wajibi ne ya zauna a kan bencin kasuwa ya koyi yadda ake riƙe amana a can, kada ya tsaya ga abin da ya karanta.

Haka abin ya kasance a kan rance. Da maganar faɗaɗa wurin aiki ta taso, abin da ya fara kawowa rancen ƙananan bankuna ne mai kuɗin ruwa, na ce masa ba zan shiga ba. Ni ce na tambaye shi game da bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 kuma Kano tana cikin garuruwan da ya fara buɗe reshe, da tsarin murabaha inda banki ke sayen inji ya sayar wa mutum da riba sananniya a biya sannu a hankali. Saninsa a wannan fanni bai yi zurfi ba, kuma a gari irin namu wannan giɓi ne babba. Adashin da muke yi da wasu mata masu sana'a bai raina shi ba, ya dai ce a sa kwasata ta faɗo a kan kaka don ta tafi sayen hatsi, shawarar da na ɗauka.

Akwai wani amfani da ba ya cikin yarjejeniyarmu. Malaman Malikiyya sun ce ɗan kasuwa mai juya kaya kullum zai ƙiyasta kayansa sau ɗaya a shekara, ya haɗa da kuɗin hannu da bashin da yake sa ran za a biya shi, idan sun kai nisabi ya fitar da ɗaya cikin arba'in. Da na je wurin malami a kan zakkar bana, littafin da aka tsara mini ya ba da amsar duk tambayoyin da ya yi mini.

Ta fuskar mu'amala, mutum ne mai ladabi, yana cika alkawarin lokacin zuwa, kuma bai taɓa kai sirrin cinikina wurin wani ba, duk da cewa yana aiki da wasu masu irin sana'ata. Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne rahoton ƙarshe da Turanci ya rubuto shi, cike da kalmomin da 'yan matan da ke riƙe littafin ba za su gane ba, sai da na nemi a mayar da jadawalin Hausa. Bayan an biya kashi na ƙarshe na kuɗinsa kuma, samunsa a waya ya yi wuya fiye da da. Saboda haka da muka sabunta yarjejeniya, na sa an rubuta cewa duk takardar aiki da Hausa za ta zo, kuɗi kashi biyu za a biya, rabi a farko rabi bayan an miƙa aiki, aikin nasa kuma ya taƙaita ga duba littafi da farashi kafin kaka da kuma kafin azumi.