Sayen sushi a Birtaniya: inda ya kamata ka kai kuɗinka

Turawan Ingila da aka sani da soyayyen kifi da dankali, yau a kan sushi suke yin layi, abincin Japan na shinkafa da ɗanyen kifi. Shagon sushi na Moshi Moshi ya buɗe a tashar jirgin ƙasa ta Liverpool Street a Landan a 1994, YO! Sushi da Itsu suka biyo baya a 1997, sai Wasabi a 2003. Yanzu har cikin manyan kantunan Tesco da Waitrose akwai masu naɗa sushi a gaban jama'a. Idan karatu ko aiki ya kai ka can, wata rana abokai za su ja ka, gara ka je da saninka.

Ni dai zaɓina ƙaramin shago ne mai kujeru kaɗan, inda sai ka yi oda ake yanka kifin. Dalilin shi ne shinkafa. Mutane suna zaton kifi ne jigon sushi, alhali shinkafar ce. Ana haɗa ta da ruwan khal da sukari da gishiri, kuma ba a so ta yi sanyi. A irin wannan shago za ka ga mai aikin ya jiƙa hannu, ya ɗebi 'yar loma, ya dunƙula ta sau biyu ko uku, ya ɗora yankan kifi ya miƙo maka da sauran ɗuminta. Kana sa ta a baki take wargajewa. Ga shi kana kallon kifin a bayan gilashi, kana iya tambaya a ba ka amsa. Ya fi tsada, babu musu, amma loma shida a nan sun fi ashirin a wani wuri.

Shaguna masu farantin da ke zagayawa a kan bel, wurin kai yara ne, kuma kuɗin yana taruwa ba ka sani ba. Itsu yana karya farashi rabi daf da tashi, wannan ya yi wa ɗalibi. Wanda aka shirya a masana'anta ya kwana a firji kuwa, shinkafarsa kamar tsakuwa take, bar musu abinsu.

To, ga inda ake cin mutane da buguzum. Wani shago da na taɓa yin oda a waya ya aiko min da abin da ya kira farin tuna. Escolar ne, kifi mai wani irin maiƙo da ciki ba ya iya narkarwa, kuma Japan ta haramta sayar da shi tun 1977. Abin da ya biyo baya ba na faɗa a bainar jama'a ba ne. Tun daga nan, duk kifin da na ga fari fat mai santsi, sai an faɗa min ainihin sunansa. Idan mai shago ya fara kame-kame, tashi ka ba shi wuri.

Naman ƙaguwar da ke cikin naɗaɗɗen sushin da ake kira Kalifoniya ma galibi ba ƙaguwa ba ce, niƙaƙƙen farin kifi ne da sitaci aka shafa masa jan launi. Koren yajin wasabi da ake dangwala maka, mafi yawansa wata saiwa ce mai araha da aka rina. Na gaske a gabanka ake goga shi, ana ma noma shi a kudancin Ingila, sai dai tsada.

Tambayi batun daskarewa. Doka a Birtaniya ta ce kifin da za a ci ɗanye a ajiye shi a sanyin digiri 20 ƙasa da sifili na aƙalla awa 24 don kashe tsutsa, in ban da wasu kifayen kiwo da aka keɓe. Shagon da bai san wannan ba, bai san sana'arsa ba. Kifi mai kyau kuma ba ya ƙarni.

Musulmi kada ya ce ai kifi ne ya saki jiki. Akwai mirin, giyar shinkafa mai zaƙi, da ake zubawa a miyar teriyaki, da romon da ake shafa wa kifin unagi mai siffar maciji, da wainar ƙwan da ake ɗorawa a kan shinkafa. Wasu har cikin shinkafar suke sa shi. Kwalin kanti sai ka juya ka karanta abin da aka rubuta a baya. A ƙaramin shago kuwa, ka ce a nuna maka kwalbar.