Haƙoran sassaƙa na Saburrtooth, ra'ayina bayan na yi aiki da su

Salam 'yan uwa masu sana'ar sassaƙa. Ana yawan tambayata a kan haƙoran nan da ake ɗaurawa a inji a ci katako da su, wai shin sun kai kuɗinsu ko dai gizago ya fi, toh bari in faɗi abinda na gani, duk wanda zai saya ya san me yake saya.

Waɗanda nake aiki da su na kamfanin Saburrtooth ne, 'yan Amurka, kuma a gaskiya ni dai sun gamsar da ni. Idan ka riƙe ɗaya a hannu za ka ga ba kaifi gare shi irin na wuƙa ba, wasu 'yan ƙayoyi ne tsitstsaye a jikinsa kamar bayan bushiya, na ƙarfen kabaid mai taurin tsiya, su ne suke kankare itacen suna mayar da shi gari. Amfanin haka shine baya kama katako ya fizge maka hannu yadda mai kaifi yake yi, kuma ko ka bi jijiyar itace ko ka gitta ta duk ci yake. Wanda ya taɓa rarake cikin akushi da gizago ya zo daidai inda jijiya ta juya ta tsage masa baki ya san abinda nake nufi.

Da launi suke rarrabe su. Mai ruwan lemu yana da kaushi sosai, kore na biye da shi, sai ruwan ɗorawa mai laushi. Ni shawarata in kuɗinka na guda ɗaya ne tak ka ɗauki kore, shi ne yake cin aiki da sauri kuma baya barin zane mai zurfin da za ka kwana kana gogewa da sanfefa. Mai ruwan lemun wallahi yana ci, amma a itace mai laushi irin rimi kafin ka ankara ya wuce inda kake so, shi ya fi dacewa da ƙirya ko marke ko tsamiya, masu taurin da suke dakushe gizago. Ruwan ɗorawan kuma na gyaran fuska ne, kar ka saye shi da nufin rarake rami, zafi kawai zai yi ya baƙanta maka aiki.

Sai siffa. Akwai mai kai kamar ƙwallo na rarake ciki, ludayin katako da cokali da ƙaramin akushi duk shi ne, akwai mai tsini na shiga lungu da fitar da zane, akwai miƙaƙƙe na daidaita gefe, sannan akwai faifai da ake ɗaurawa a giranda, wato injin hannun nan mai juya faifai, na manyan aiki kamar kujera ko turmi. Ƙwallo da mai tsini sun ishi mai farawa.

Yanzu ga inda mutanenmu suke asara, kuma dan Allah a kula da nan sosai, wato kaurin ƙafar haƙorin, 'yar sandar da ke shiga bakin inji. Kayan Amurka da inci suke awo. Ƙafar ƙaramin haƙori 1/8 ce, wato milimita 3.2, ita ce ke shiga ƙananan injina irin Dremel, babban kuma 1/4 ne, milimita 6.35. Toh yawancin injinan da ke kasuwanninmu da milimita aka yi bakinsu, 3 ko 6 cif. Kaga 6.35 ba za ta shiga bakin 6 ba, sai mutum ya ɗauko guduma ya ce zai tura ta, ko kuma ya sa ƙafa 3 a bakin 3.2 ya ɗaure yana ganin ta kamu alhali tana rawa. Wannan bambancin da ido baya gani shi ne yake sa haƙori ya fice daga inji yana juyawa sau dubu ashirin da wani abu a minti. Kafin ka tura kuɗi ka duba bakin injinka tukuna, in bai yi daidai ba ka sayi bakin da ya dace tare da shi, abu ne ƙarami mai araha. Haka in injin ma daga Amurka za a kawo maka, ka tuna wutarsu 120 ce tamu 230, ka jona kai tsaye ya ƙone nan take.

Abinda ban so ba a tattare da su, na farko tsada, balle yadda dala take, kuma ba kasafai ake samunsu a shago ba sai an yi oda. Na biyu suna toshewa. In itacen ɗanye ne ko mai ƙaro irin maje, garin sai ya cushe tsakanin ƙayoyin ya daskare, ka ga haƙori yana ta juyawa a banza yana hayaƙi. Ba lalacewa ya yi ba, ka cire shi daga inji ka goge da buroshin waya na tagulla, in ya ƙi ka ɗan kara shi a wutar gas dattin ya ƙone sannan ka sake gogewa, launin jikinsa zai tafi amma cin yana nan. Na uku basa barin fuska sumul, dole ka bi da sanfefa, wanda yake tunanin daga inji sai shafa mai toh ba haka bane.

Na gwada irin na kwali ɗin nan da ake zubawa da yawa a kuɗi kaɗan, babu ko sunan kamfani a jiki. Yawancinsu ma na gyaran ƙarfe ne ba na katako ba, ramukansu ƙanana ne nan da nan sun cika, ga ƙafarsu taushi. Akwai wanda na ɗaura ina kunna inji na ji ƙarar ta canza hannuna yana karkarwa, da na kashe na duba ashe ƙafar ta lanƙwashe tun kafin ta taɓa itace. Duk haƙorin da ka ga yana layi in yana juyawa ka jefar da shi, kar ka ce za ka miƙe shi. Akwai Kutzall, su ma 'yan Amurka ne masu ƙayar kabaid, da Arbortech na Ostareliya masu faifan giranda, duk sanannu ne a wannan harka, in su ka samu ba laifi.

Amma faifan nan mai zagaye da sarƙar injin yankan bishiya da ake ɗaurawa a giranda, ina roƙonku da Allah ku bar shi. Na san yana burge mutane a bidiyo. Giranda mai faifan milimita 115 tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, kuma ba ta da birkin da injin yankan bishiya yake da shi, idan haƙori ɗaya ya kama ƙulli a itace injin gaba ɗaya zai dawo kanka kafin ka ƙifta ido. A 2021 hukumar kula da ingancin kaya ta Birtaniya sai da ta fitar da gargaɗi ta ce mutane su daina amfani da shi saboda raunukan da yake jawowa. Faifan kabaid zai yi maka aikin, a hankali dai, kuma da yatsunka goma.

Ko da mai kyau ɗin ne akwai ƙa'ida. Kowane haƙori da iyakar gudun da aka rubuta masa, mai babban kai a rage masa gudu. Ka tura ƙafar can ciki sosai, kar ka bar ta zuru a waje don kana son kaiwa nesa. Ka ɗaure katakon a benci, zaman nan da muka saba na dafe aiki da ƙafa ko matse shi a cinya na gizago ne, da inji kam a'a. Babbar riga da jallabiya mai faɗin hannu da carbi a wuya duk a cire, safar hannu ta zare ma haɗari ce don ƙayoyin suna kama zare su naɗe har da yatsa. Murfin giranda da mariƙinta na gefe a bar su a inda suke. Sannan abinda ya shafe mu mu musamman, in nepa ta ɗauke kana cikin aiki ka kashe makunnin inji ka zare waya kafin ka ajiye, don da yawa makunninsu a kulle yake zama, wuta na dawowa zai tashi da kansa a ƙasa ko a hannun yaron shago.

Ƙura kuma ita ce aka fi rainawa. Gizago ɓawo yake zubarwa, wannan kuwa gari ne lukui da yake tashi ya shiga hanci da ƙirji, in ka yi aikin maɗaci har ɗacinsa za ka ji a maƙogwaro. Hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke jawo kansar hanci, banda asma da tari. Takunkumin yadi baya tare ta, ka nemi takunkumi irin N95 ko mai matata, da tabarau mai rufe gefen ido, kuma a yi aikin a waje inda iska take kaɗawa, yara su matsa nesa.

Ga mai yin turmi da yawa don kaiwa kasuwa, gatari da gizago su fara buɗe ramin, faifan kore ya zo ya daidaita ciki, a haka ne haƙorin zai daɗe kuma man janareto ba zai cinye ribar ba. Mai yin ƙananan kaya na ado kuwa, ƙwallo kore guda ɗaya mai ƙafar da ta dace da injinsa ya fara da shi, sauran ya ƙara a hankali in aiki ya buɗe.