Akwatin aikin hannu na yara: rabinsa ya yi amfani, rabinsa ado ne kawai

Akwatin da nake magana a kai shi ne irin wanda ake tallatawa da cewa komai na ciki: babban kwali mai hannun ɗauka, da hoton yara suna dariya a jikinsa, da alƙawarin cewa iyali za su samu abin yi na tsawon lokaci. Kamfanoni da yawa ne ke haɗa irinsa, kayan ciki kuma kusan ɗaya ne, don haka sunan da ke jikin kwalin ba shi ne abin dubawa ba. Mun yi watanni muna amfani da namu, ni da yara uku: babba mai shekara 9, na tsakiya mai 6, sai auta da ba ta cika 3 ba. Ra'ayina a taƙaice shi ne kayan da aka bari yadda suke, ba a yanka ba, ba a zana komai a kansu ba, su ne suka yi amfani. Waɗanda aka riga aka shirya wa yaro kuwa, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

A ciki akwai takardu masu launi, da ɗan kwali mai kauri, da almakashi, da gam iri biyu, da fenti da burushi, da yumɓu mai bushewa da iska, da zaren ulu, da sandunan katako, da waya mai gashi-gashi, da idanun roba masu motsi, da duwatsun ado, da ƙyalƙyali, sai ɗan littafin jagora. Ban da waɗannan akwai wasu ledoji, kowace da aikinta: an yanka jikin mujiya ko na kifi, an sa alamar inda ido zai zauna, yaro sai dai ya ɓare ya manna.

Waɗannan ledojin su ne suka fi ɗaukar ido ranar da aka buɗe akwatin, su ne kuma suka fi saurin ƙarewa. Kafin ka kammala wanke hannu an gama mujiya. Matsalar ba saurin kaɗai ba ne. Mujiyar babba da ta ƙaninta ba su da bambanci ko kaɗan, domin ba su ne suka yanke shawarar komai ba, wani ne can a masana'anta ya yanke musu. Shi ya sa ba wanda ya damu da ita washegari. Na lura yaro yana riƙon abin da ya ƙirƙira da kansa ko da ya karkace, yana kai shi wurin kwanciya, yana rigima idan aka taɓa. Abin da aka ƙirƙira masa ya manna kawai, ko ƙarƙashin kujera ya faɗa ba ya tambaya.

Aikin da ya fi daɗewa a gidan shi ne mafi sauƙi a littafin: saƙar takarda. A ninke takarda biyu, a tsaga ta layi-layi ba tare da an kai ƙarshe ba, sannan a riƙa cusa siraran takardu masu wani launi, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ba sabon abu ba ne. Friedrich Fröbel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna kindagatin a 1840, ya sa saƙar takarda da ninke ta da sarrafa yumɓu cikin ayyukan da yake ba yara, kuma har yau ba su tsufa ba. Dalilin a bayyane yake idan ka zauna ka kalli yaro yana yi. Mai shekara 6 yana fama ne da yatsunsa, yana koyon kada ya tsallake layi. Mai shekara 9 kuwa ta wuce nan, ta fara gwada biyu sama ɗaya ƙasa don ta ga irin zanen da zai fito, ta gano da kanta cewa idan aka karkata tsagin, zanen ma yana karkata. Aiki ɗaya, kowa ya samu daidai ƙarfinsa, kuma da takardun akwatin suka ƙare sai aka koma kan tsoffin mujallu ba tare da wani ya yi ƙorafi ba.

Yumɓun ma ya burge ni, amma yana da hali, littafin kuma bai faɗi halin ba. Ba ya buƙatar a gasa shi, yana bushewa cikin kwana ɗaya zuwa uku gwargwadon kaurin abin da aka gina. Yayin bushewa ruwan cikinsa yana fita, sai ya ɗan tsuke, idan abin ya yi kauri sosai ko wani sashe ya riga wani bushewa sai ya tsage. Maganin shi ne a dunƙule takarda ko tsohuwar jarida a sa a ciki, a lulluɓe da yumɓu marar kauri, a bar shi a inuwa, a riƙa juya shi. Inda za a haɗa hannu da jiki, a ɗan kakkarce wuraren biyu a shafa ruwa kafin a manna, in ba haka ba hannun zai faɗi da zarar ya bushe. A kuma sani cewa ko ya bushe ba ya jure ruwa, ba a cin abinci ko shan ruwa a kwanon da aka yi da shi. Ragowar kuma sai an naɗe da leda an matse iska, domin murfin robar da ya zo da shi ba ya rufuwa da kyau.

Da ya ƙare ban nemi wani ba, muka koma kwaɓin gida: kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri, ruwa kusan kofi 1, a murza har ya daina kama hannu. Bai kai na akwatin santsi ba, amma yana karɓar fenti. Sai dai gishirin cikinsa yana da yawan da zai cutar da ƙaramin yaro ko dabbar gida idan aka ci, don haka ba a barin sa a ƙasa.

Gam ɗin ne ya fi ba ni haushi. Na sanda, wanda ake murzawa, takarda kawai yake riƙewa, ita ma ba da ƙarfi ba. Farin gam na ruwa, wanda ake kira PVA, shi ne na gaske: yana bushewa ya zama garau, yana riƙe katako da ulu da kwali, yana fita daga hannu da ruwa. Amma kwalbar da aka sa ƙarama ce ƙwarai, ba ta kai rabin ayyukan littafin ba. Duk wanda zai sayi irin wannan akwati ya haɗa da babbar kwalba tun daga farko. Wasu iyaye sukan ƙara da bindigar gam, na'urar da ke narkar da gam da zafi, don gaggawa. Mai ƙaramin zafi ma tana kaiwa wajen digiri 120, mai babban zafi kusan 190, don haka ita a hannun babba take zama.

Almakashin kuwa bakinsa na roba ne, takarda guda yake iya yankawa, da an ninka ta sai ya fara taunawa. Na tsakiyan nan bahago ne, kuma almakashin na masu dama ne. Mutane suna ɗauka ramin yatsu ne kawai bambancin, alhali yadda aka ɗora bakin ne: idan bahago ya matsa almakashin dama, matsin yatsunsa yana raba bakunan maimakon ya haɗa su, bakin sama kuma yana rufe masa layin da yake bi. Sai a ga yaro yana yanka a karkace a ce ba shi da natsuwa. Kusan mutum ɗaya cikin goma bahago ne, akwatin da ke ikirarin na iyali ne ya kamata ya yi tunanin wannan. Da na samo masa nasa, yankansa ya miƙe nan take.

Fentin na ruwa ne, yana fita daga tufafi, ba shi da laifi. Burushin yana zubar da gashi.

Batun auta shi ne wanda nake so iyaye su tsaya a kai. A gefen kwalin akwai alamar CE, mai nuna an cika ƙa'idojin Turai, da ambaton EN 71, ƙa'idar lafiyar kayan wasa ta Turai, da ɗan zagayen nan mai fuskar yaro da aka soke, an rubuta 0-3. Ba ado ba ne. Ma'aunin da ake gwada ƙananan kaya da shi bututu ne mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya zai iya shaƙe yaron da bai kai shekara 3 ba. Idanun roba, duwatsun ado, ƙananan ƙwallayen ulu, duk suna shigewa. A gida ana iya gwadawa da kwalin tsakiyar takardar bayan gida, wanda ya ɗan fi ma'aunin faɗi. Abin da ya sa na dage a nan shi ne akwatin ba shi da rabe-rabe masu murfi, da an buɗe leda ɗaya komai ya watse, kuma ƙaramin yaro ya fi kowa ganin abin da ya faɗi ƙasa. Na kwashe duk ƙananan kayan na zuba a kwalabe masu murfin murɗawa, ana fito da su ne idan auta ta yi barci. Ita kuma tana da nata: babbar takarda, fenti da tafin hannu.

Ƙyalƙyalin ban bari an sake buɗe shi ba bayan karon farko. Yana shiga gashi, yana shiga ido, shara ba ta kwashe shi. Gutsattsarin roba ne ƙanana, shi ya sa Tarayyar Turai ta fara hana sayar da irin wanda ake barbaɗawa tun Oktoban 2023. Takarda mai sheƙi da aka yayyanka tana ba da kusan wannan kyan.

Ga wanda bai taɓa zama yin aikin hannu da yara ba, kuma bai san ta inda zai fara ba, akwatin yana da amfani sau ɗaya, domin yana nuna maka abin da yaranka suka fi so ba tare da ka yi ta yawon neman kaya ɗaya-ɗaya ba. Kyauta ce mai kyau ga gidan da yaransa suka haura shekara 4. Ni dai ba zan sayi na biyu ba. Abin da nake sake saye yanzu shi ne farin gam, takarda mai launi, fenti da ulu. Kwali, murafen kwalba da tsummoki kuwa, yaran da kansu suke tara su a cikin akwatin da ya zama fanko, babbar har ta hana a zubar da kwalin man goge baki domin ta ce motar da take haɗawa ba ta da tirela.