Rumfar zannuwan gado da suwaita a Ƙofar Wambai, ra'ayin mai ɗinki a gida

'Yan uwa masu ɗinki da saƙa a gida, musamman waɗanda tsadar yadi ta sa suka lulluɓe keke suka tura shi lungu, wannan bayanin naku ne. A ɓangaren 'yan gwanjo na kasuwar Ƙofar Wambai a Kano akwai rumfar wani dattijo da na daɗe ina sayen kaya a wajensa, shi ba rigunan sawa yake kawowa ba, kayansa zannuwan gado ne da labulaye da rigunan filo da tawul, in sanyi ya ƙarato kuma sai ya ƙara da dilar suwaita, wato babban ɗaurin da kayan gwanjo ke zuwa a ciki. Ni ba don shimfiɗa nake saye ba, yankawa nake in yi bargon ƙyallaye, jakar makaranta, rigunan yara na zaman gida, suwaitar kuma in warware ta in samu zaren saƙa. To a kan wannan ma'aunin zan auna rumfar, wacce ke neman zanin gadon amarya ra'ayinta zai iya bambanta da nawa.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma naira ta faɗi a watan da ya biyo baya, kowa ya san yadda Kantin Kwari ta koma, turmin atamfa mai yadi shida sai ki tsaya kina lissafi kafin ki taɓa, balle a ce za ki yayyanka shi don koyon ɗinki ko don bargon yara. Gwanjon ma ya hau, kar wata ta je da tunanin farashin da, don dilar da dala ake sayo ta, yawanci kuma ta Kwatano take biyowa tunda kayan sawa na gwanjo suna cikin jerin abin da kwastan ta hana shigowa da shi, duk wannan zagayen a kanmu masu saye yake ƙarewa. Amma duk da haka in kika auna faɗin zanin gado na babban gado guda ɗaya, ki kwatanta da yadin da za ki saya sabo mai wannan faɗin, wallahi tazarar ba kaɗan ba ce, ga shi ba haɗi a tsakiya, shimfiɗa guda ce ki yanka yadda kike so.

Babban abin da ya riƙe ni a rumfar nan shi ne Baba baya zubar da masu aibi kuma baya ɓoye su a cikin masu kyau. In an fasa dila yaransa suna ware lamba ɗaya su rataye, lamba biyu a ninke a kan tebur, sai kuma wani tsibi a ƙasa can gefe na waɗanda suka yage a kusurwa, ko tabo ya kama tsakiya, ko labulen da rana ta cinye gefe ɗaya. Mai sayen shimfiɗa ko kallon tsibin nan ba ta yi, mu kuwa nan ne kasuwarmu, don zanin da ya yage a kusurwa ɗaya sauran jikinsa lafiya lau yake, ki yanke wajen ki yi aikinki, kuɗinsa kuma bai kai rabin na ratayen ba. Wasu rumfunan sai su ninke yagar ta koma ciki su sayar miki a matsayin mai kyau, shi kuwa da kansa zai ware zanin ya ce "Hajiya duba nan, akwai huda, ki gani tun yanzu kar ki je gida ki ce Baba ya cuce ki." Wannan halin kaɗai ya isa in dinga komawa.

Yana kuma bari ki duba da kyau, ba ya ƙosawa. Ni ina ɗaga zani sama in kalli haske ta cikinsa, in tsakiyar ta fi gefe haske sosai to ya sha jiki, ɗinki ba zai riƙe ba, da an wanke sau kaɗan zai buɗe a bakin zare. Sannan ina neman 'yar takardar nan da ke manne a gefe in ga ko auduga zalla ce ko an haɗa da roba. In takardar ta fita, ina roƙonsa in zare zare ɗaya daga bakin yagar in sa ashana a waje, auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, mai roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri da wari. Bai taɓa hana ni ba in dai daga tsibin ƙasa ne, sai dai ya ce in matsa daga kayan, kuma gaskiyarsa ne, kowa ya san abin da wuta ke yi wa kasuwannin Kano.

Dalilin nacewa a kan auduga, bargon ƙyallaye in kika haɗa auduga da roba a fuska ɗaya, wajen wanki ɗaya zai ɗan tsuke ɗaya ya ƙi, sai bargon ya yi ta tattarewa, wajen guga kuma zafin da auduga ke so shi ne zai ƙona ɗayan. Zanin gwanjo na auduga ya riga ya sha wanki a can inda ya fito, ya gama tsukewar da zai yi, ya yi laushi, allura lamba 14 tana ratsa shi ba gardama ko a baƙin keken nan Butterfly na ƙafa da yawancinmu muka gada. Yadda nake yi, ina yanka murabba'i daidai tafin hannu da ɗan ƙari, in jera kala mai duhu da mai haske, in haɗa layi layi, in guge kowane haɗi kafin in ɗora na gaba, sai in sa tsohon bargo mara nauyi ko zanin fulanel a tsakiya, wani zanin guda ya zama shafi a baya, in bi da ɗinki a tsaye da kwance don kar na cikin ya taru waje ɗaya. Duka ukun a rumfar nan nake samu, kuma in na ce masa shafi nake nema ya san ya ciro min mara zane mai faɗi.

Fararen zannuwa irin na otal su ma suna zuwa masa jifa jifa, masu kauri, sau da yawa ɗan tabo ne kawai ya sa aka fitar da su. Waɗannan marinar Ƙofar Mata nake kai su, wadda ake cewa tun 1498 take aiki, a tsoma su a ruwan baba na rini su fito shuɗi, tabon ya ɓace, in kina so ki ɗaɗɗaure da zare kafin a rina ya fito da zane. Nan ma sai auduga, mai roba baba ba ya kama ta yadda ya kamata, za ta fito fari fari kamar an yi wasa. Rigunan filon kujera da na yi da irin wannan har yau baƙi suna tambaya a ina na saya. Abin yana min ciwo fa in na tuna ana noman auduga a Funtua da Gusau, masaƙar KTL ta Kaduna tun 1957 aka buɗe ta, masaƙar UNTL ita ma ta Kaduna ta rufe a 2007 dubban mutane suka rasa aiki, yau ga mu muna tsintar audugar wasu ƙasashe bayan sun gama kwana a kai. Amma dai abin da ke hannu shi ake ɗinkawa.

Sai maganar suwaita, wadda ita ce ta fi buƙatar ido. Daga wajen Oktoba yake fara kawo dilarta saboda hunturu, kuma nan ma akwai tsibin waɗanda asu ya huda ko wuyansu ya saki ko hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, ba mai sawa, arha sosai. Kafin ki biya ki juya ta ciki ki duba haɗin gefe. In kika ga an bi bakin da wibin, wato yanka saƙar aka yi da almakashi aka haɗa, ki ajiye ta, in kika warware guntu guntun zare za ki samu kowane layi daban, ba abin da zai saƙu. Wadda ake nema ita ce wadda aka saƙa gaba daban, baya daban, hannuwa daban, aka haɗa da wani siririn zare mai kama da sarƙa, in kika samo bakin zaren kika ja sai haɗin ya zuge gaba ɗaya, kowane ɓangare kuma ki fara warwarewa daga sama wajen kafaɗa zuwa ƙasa, zare ɗaya dogo har ƙarshe. Ki nemi mai kaurin zare, masu siririn nan na inji wahala ce kawai, suna tsinkewa kuma kwarashi ba ya jin daɗinsu sai kin haɗa biyu ko uku.

Zaren zai fito a murɗe. Ina naɗe shi a bayan kujera ya zama zobe babba, in ɗaure a wurare kaɗan, in jiƙa a ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu, in matse a hankali ba murzawa, in rataye a inuwa ya bushe, sai ya miƙe. In ulu ne na gaske na tumaki kar ki kuskura ki sa ruwan zafi ko ki cuɗa, dunƙulewa zai yi ya zama kamar ƙullun da ba ya warwaruwa, ana gane shi in an ƙona ɗan guntu yana warin gashi. Yawancin abin da ke dilar Baba dai na roba ne, wanda ba laifi ga hular sanyi da safar yara tunda yana jure wanki, amma na ulun yana faɗowa kuma shi bai bambanta farashinsu ba, duk suwaita ce a wajensa. Suwaitar babban mutum guda tana ba ni hulunan yara da dama har da ragowar yin safa.

To yanzu inda rumfar ta gaza, don akwai. Na farko duhu, cikin rumfar ba haske, in ba wuta sai fitilar waya, kuma tabon mai ko na ruwan tsatsa ba ya nunawa a wannan duhun, dole ki fito da zanin bakin layi inda masu kaya a ka da masu baro ke ta bangazarki. Na biyu ba shi da tsayayyar ranar fasa dila, yau zai ce Asabar, ki je Asabar ya ce kaya ba su iso ba, kuma in an fasa masu sari da ke kaiwa unguwanni su ake fara kira a waya su kwashe kan dila, mu sai abin da suka bari. Ga tsibin ƙasa wannan bai cika damuna ba tunda su ba sa so, amma labule mai kauri irin wanda ake jaka da shi da wuya ya kai gare ni. Na uku, in Baba ya tafi masallaci ya bar yaran, farashi yana canzawa daidai da mayafin da kika yafa, abin da ya ba ni jiya a kuɗi kaza babban yaron zai ɗora kusan rabi a kai ya rantse haka ne. Na gaya wa Baba, ya yi musu faɗa a gabana, amma ba a daina ba, don haka ni in ban gan shi ba zagayawa nake in sayo zare da zik da maɓalli a layin 'yan kayan ɗinki in dawo. Ba a mayar da kaya in an fita da su, wannan kuwa duk 'yan gwanjo haka suke. Yana karɓar tiransfa amma sai ya ga alat da idonsa, in netwok ya ƙi za ki daɗe a tsaye, gara ki riƙo kuɗi a hannu.

Warin dila kuma yana nan, wannan warin maganin da ake fesa wa kayan kafin a ɗaure, na suwaita ya fi ƙarfi. Kar ki ɗora almakashi a kan komai sai kin wanke, balle abin da jariri zai kwanta a kai. Ina jiƙa zannuwan su kwana a ruwan omo da ɗan Dettol, masu kala daban farare daban don akwai masu zuba, in ɗauraye da ɗan ruwan kal, in shanya a rana sosai, in guge da dutse mai zafi. In warin bai fita ba a wankin farko a sake, yana fita.

Wacce ke fara koyon ɗinki ina ba ta shawara ta fara da rigunan filo daga tsibin ƙasa, suna da arha, an riga an kalmashe bakinsu, guda ɗaya tana isa 'yar rigar yarinya ƙarama ko jakar Islamiyya in an sa mata hannu. Masu son jakar makaranta mai ƙarfi su nemi labule mai kauri ko su leƙa rumfunan wandon jins da ke kusa, amma a canza allura zuwa lamba 16 ko 18 kuma a bi a hankali wajen haɗi mai kauri, a juya keken da hannu. Ki je da safe kafin rana ta take da cunkoso, ki tafi da tef ɗin awo da babbar jaka ko bakko don ledarsa ba ta ɗaukar zani uku ba ta yage ba, in kuma suwaita kike so ki je tun farkon Nuwamba, da sanyi ya kankama a Disamba har masu hudar ma kuɗinsu tashi yake.