Filash ɗin da ya kusa ɓata mini aikin daren kamu

Wata huɗu ke nan da sayen wannan filash ɗin, irin na ɗorawa a saman kyamara mai cin batir huɗu, kuma da na rubuta sharhinsa a satin farko da yabo kawai zan zuba, domin haskensa ya fi ƙarfin kuɗinsa. Abin da ya faru da ni a daren kamun wata amarya a Kano shi ya sauya mini tunani, kuma shi nake so in faɗa wa duk mai niyyar saye.

Da rana na yi wa ƙawayen amarya hotuna a tsakar gida, rana tana da ƙarfi, don haka na kai saurin shota, wato labulen da ke buɗe wa haske hanya a cikin kyamara, 1/500 na daƙiƙa na bar shi a nan. Bayan magariba aka shiga falo, na ɗora filash, na murza makullinsa kamar yadda na saba, na ci gaba da aiki. Filash yana tashi, mutane suna ƙifta ido, babu abin da zai sa in yi zargi. Sai da uwar amarya ta ce, "Malam mai hoto, nuna mini na ɗazu da gwaggonta," sannan na duba bayan kyamara, gabana ya faɗi. Wajen hoto ashirin, kowanne rabinsa baƙi ƙirin kamar an ja masa labule, rabin da ya fito kuma haske ya wanke shi har ba a gane zanen lallen da ke hannun amarya. An riga an fesa mata turare, an buɗe fuska, kuma wannan ba abu ne da za a ce a maimaita saboda mai hoto ba. Na ce mata, "Hajiya, ki yi mini haƙuri minti biyu," na koma gefe hannuna yana rawa.

Na fara zargin batir, na canza sababbi, babu sauyi. Na kashe kyamara na kunna, nan ma haka. Da na lura da kyau sai na ga alamar walƙiyar da ke fitowa a allon kyamara idan ta gane akwai filash a kanta ba ta fito ba sam. Na cire shi na sake turawa da ƙarfi har ƙarshe, sai na ji ya ƙara shiga kaɗan, alamar ta bayyana, saurin shota ya sauko 1/200 da kansa, hotuna suka dawo daidai.

Sai daga baya, da na zauna da shi a gida, na fahimci yadda abin yake. A mazaunin filash da ke saman kyamara akwai babban ƙarfe ɗaya a tsakiya wanda aikinsa kawai ya ba filash umarnin tashi, sai ƙanana a gefensa waɗanda ta cikinsu kyamara da filash ke magana a kan yawan hasken da ake buƙata, tsarin da ake kira TTL. Nawa ya zame baya kaɗan, na tsakiyar yana taɓawa, ƙananan ba sa taɓawa, saboda haka yana tashi da ƙarfinsa ba tare da awo ba, ita kuma kyamara ba ta san yana nan ba, balle ta hana shota wuce iyakarta. Shotar irin wannan kyamara labule biyu ce, ɗaya yana buɗewa ɗaya yana bin sa yana rufewa. Idan aka wuce 1/200, a wasu kyamarorin 1/250, na biyun yakan fara rufewa tun na farkon bai gama buɗewa ba, shi kuma hasken filash ɗan ƙiftawa ne, don haka inda labule ya rufe a wannan lokacin baƙi zai fito.

Na yarda akwai nawa sakacin, domin da na mayar da shota ƙasa kafin shiga falo, ko na duba hoton farko, da baƙin nan bai same ni ba. Na kwana biyu ina ganin ban yi wa filash ɗin adalci ba. Amma da na riƙa gwada shi sai ɓacin ran ya dawo, saboda makullin ƙafarsa na roba ne, kuma ko an murza shi har ƙarshe, idan ka karkata kyamara don ɗaukar hoton tsaye sau biyar ko shida, nauyinsa yakan sassauta shi. Kayan aikin da aka yi don mai zirga-zirga cikin taro bai kamata ya riƙa zamewa shiru ba tare da ko alamar gargaɗi a allonsa ba. Ƙurar hunturu ma tana ƙara lamarin, yanzu kullum sai na goge ƙarafan da busasshen ƙyalle kafin in fita.

Ga kuma takardar bayaninsa, wadda ba ta taimake ni da komai ba. Ranar da na ɗora shi a kan sanda da lema don ya tashi da hasken ƙaramin filash na jikin kyamara, na sa shi a tsarinsa mai suna S1, yana tashi a idona amma hoto yana fitowa da duhu. Ashe filash na jikin kyamara yakan fara sakin ɗan haske na awo kafin ainihin hasken, shi kuma a S1 wannan na farkon yake bi, ya ƙare kafin shota ta buɗe. S2 ne ke tsallake hasken awon ya jira na biyu. Jimla ɗaya ta isa a bayyana wannan, amma sai da wani ubangidana a sana'a ya nuna mini.

Haskensa dai yana da kyau idan aka juya kansa ya bugi farin silin, fuskoki suna fitowa da laushi, kuma da batir masu caji yana cika da sauri. Sai dai idan ka matsa masa a cikakken ƙarfi lokacin liƙi, yakan yi zafi ya ƙi tashi na ɗan lokaci, abin da ya sa nake riƙe shi a 1/4 na ƙarfinsa in ɗaga ISO, wato ƙarfin kyamara na kama haske. Na bar shi a jaka a matsayin na biyu, ina amfani da shi a kan sanda inda ba ya motsi, amma a saman kyamarata ranar biki, mai makullin ƙarfe zan nema kafin bukukuwan bayan sallah.