Hattara da mai cewa batir ya mutu bai ɗora mita ba

Akwai wata damfara da ta zama ruwan dare a bakin gareji da rumfunan batir, kuma ta fi cin masu tsofaffin motoci irin su Golf 3, Peugeot 406 da Corolla tsohon yayi. Mota ta kwana lafiya, da safe a murɗa makulli sai ƙas-ƙas-ƙas, fitilun gaban direba su yi dishi-dishi. A tura ta wurin mai rewaya. Ya buɗe bonet, ya ɗauki guntun waya ya gitta kawunan batir, ya dubi tartsatsin, ya girgiza kai: "Alhaji, wannan ya gama aiki, sel ɗaya ya tafi." Kafin ka ce kwabo yaronsa ya dawo daga rumfar maƙwabta da "ɗan Beljiyam mai rai" ko "sabo dal, kwalin ne kawai ya yage". Naka kuma a ce ka bar shi, za a rage maka kuɗin kwandem.

Baki biyu suke ci. Naka, wanda sau da yawa caji ne kawai ya sauka, zai kwana a kan caja a sayar wa na bayanka. Wanda aka ɗora maka kuwa yana iya zama matacce da aka yi wa kwalliya: an wanke jikin, an goge kawunan da sanfefa har suna ƙyalli, an ƙara asid mai ƙarfi, an manna sabuwar sitika. Asid ɗin yana ɗaga lamba a mita, wato na'urar auna ƙarfin wuta, ya ba da kuzarin 'yan kwanaki, yana kuma cin farantan dalmar da ke ciki. Sati biyu ko uku mota ta koma gidan jiya, ka dawo da ƙorafi a ce altanetarka, na'urar da ke yi wa batir caji in inji na aiki, ita ce ta kashe shi, babu ruwansu.

Tartsatsi ba awo ba ne, kuma wasa ne da ido, domin batir yana fitar da iskar da ke kama wuta. Mita ce alƙali. Batir mai lafiya da ya huta sa'o'i yana nuna 12.6V. In ya nuna 12.2V caji ya kai rabi, ƙasa da 12V kuwa ya sauka sosai, amma sauka daban mutuwa daban. Sel shida ne a ciki, kowanne kusan 2.1V, shi ya sa wanda sel ɗinsa ɗaya ya lalace ta ciki yake maƙalewa wajen 10.5V bayan an yi masa caji ya huta. Wanda aka sauke daga caja yanzu-yanzu yana iya nuna sama da 13V, lambar yaudara ce, kuma ita masu rumfa suke son ka gani. A ɗora shi a mota, a kunna manyan fitilu minti biyu zuwa uku, sannan a sake awo. Daga nan wani ya buga kik kana kallon mita: in lambar ta faɗo ƙasa da 9.6V, batirin ba ya ɗaukar kaya. In ta tsaya a 12 da wani abu amma kik bai juya ba, a bar batir ya sarara, a duba kawunan da suka yi farin gari ko suka yi sako-sako, da wayar at, wato ta nagetib, da ke ɗaure a jikin inji, da burushin kik.

Inji na aiki, mita ta nuna tsakanin 13.8V da 14.5V. Ƙasa da 13V caji ba ya shiga, kuma kafin a taɓa altaneta a fara taɓa fambel, mai yiwuwa ya saki ne. Sama da 15V tana dafa batir, ruwansa ya riƙa ƙonewa. Kada ka yarda a cire kan batir inji na aiki wai don a gwada caji. Tsohuwar dabara ce ta zamanin motar Bitil, a mota mai ƙwaƙwalwar kwamfuta tana iya ƙone ƙwaƙwalwar.

Inda aka fi cutar mutane shi ne motar da ke shan wuta cikin dare, don ko sabon batir na gaskiya aka sa, safiya za ta same shi a ƙasa. A kashe komai, a zare makulli, a rufe ƙofofi, a cire wayar nagetib, a sa mita a ma'aunin 10A tsakanin wayar da kan batirin. A jira kamar minti 20 zuwa 30 na'urorin motar su yi barci, kuma kada a kuskura a buga kik mita na tsakani. Abin da bai wuce 0.05A ba daidai ne. In ya haura, a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya, wanda lambar ta faɗi a kansa nan ɓarawon yake. Yawanci rediyo ce da aka haɗa kai tsaye da batir, ko tiraka mai bibiyar inda mota take, ko ƙwan fitilar but da makunninsa ya lalace. Ƙwai mai 5W yana jan kusan 0.4A, wato kusan 10Ah a kwana ɗaya, batir mai 60Ah kuwa 'yan kwanaki kaɗan ya isa ya kasa tayar da inji. In an gama da fiyus lambar ba ta motsa ba, a cire babbar wayar bayan altaneta, don dayod ɗin cikinta, mai hana wuta komawa baya, in ya ƙone yana mayar da wuta baya.

In awo ya tabbatar sai an canza, a sayi mai kwali a rufe, a duba lambar kwanan ƙira da ke jikinsa, a karɓi rasit mai ɗauke da watannin garanti. A ɗaga shi da hannu: mai 60Ah na gaskiya yana kusan kilo 15, wanda aka rubuta wa 75Ah amma ya fi wannan sauƙi sitika ce kawai. Kumburin gefe ko sawun fila a kawunan alamar ya taɓa aiki ne. Tsohon kuma a sa shi a but, a kai caji wata rumfar daban a auna kafin a yi maganar kwandem.