Bayan tsagewar ƙashin ƙauri: gajeren tirayatalon ko gasar ninƙaya da keke?

Ɗan'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Bari in maimaita tambayarka saboda waɗanda ba su gani ba. Ƙashin ƙaurinka ya tsage saboda yawan gudu, ka yi jinya, yanzu likita ya ce ka fara gudu a hankali. Duk tsawon jinyar ba ka bar ninƙaya ba, keke ma ka koma kansa da wuri. Gasa biyu ne a gabanka nan da wata biyu. Ɗaya gajeren tirayatalon: ninƙaya mita 750, keke kilomita 20, gudu kilomita 5. Ɗayar kuma akwabayik ce a rabin zangon Ironman, doguwar gasar tirayatalon, wato ninƙaya kilomita 1.9 da keke kilomita 90, babu gudu a ciki. Kana so ka san wacce za ka dawo da ita.

Ni dai akwabayik zan ce maka, duk da na san ba ita ranka ya fi so ba.

In a takarda aka duba, gajeren tirayatalon ne mai sauƙi. Yawancin masu yin wasan nan don sha'awa suna gama shi kafin awa biyu, wasu ma awa ɗaya da 'yan mintuna. Akwabayik ɗin kuwa za ta riƙe ka awa uku zuwa biyar, kana ruwa kana kan sirdi. Duk wanda ya ga haka zai ce mai fitowa daga jinya ai ƙaramar ya kamata ya ɗauka. Sai dai shi ƙashi ba agogo yake dubawa ba, duka yake ƙirgawa. A duk takun gudu, ƙafar da ta sauka tana ɗaukar nauyin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka, kilomita 5 kuwa taku ne wajen 4,000 zuwa 5,000. A cikin ruwa babu wannan dukan, a kan keke ma sirdi ne ke ɗauke da yawancin nauyinka, ƙafa tana juyawa ne kawai ba ta bugun ƙasa. Don haka gasar da ta fi tsawo ita ce ta fi tausaya wa wurin da ya ji ciwo.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba game da gajeren zango: gajartarsa ce ke sa a yi shi da wuta. Ka san yadda abin yake. Ka sauko daga keke, ka rataye shi, ka zura takalmi hannu na rawa, ƙafafu sun yi nauyi kamar ba naka ba. Ka fito daga wurin canji, inda ake sauya kaya tsakanin zango da zango, da niyyar za ka bi a hankali, minti huɗu gudu minti ɗaya tafiya, yadda kuka tsara da likitan fisiyo, mai jinya ta hanyar motsa gaɓoɓi. Ba ka yi nisa ba sai wani ya wuce ka, ka hangi lambar shekarunsa a bayan ƙafarsa, ashe rukuninku ɗaya. 'Yan kallo na ihu a gefen hanya. Wa zai tsaya ya yi tafiya a nan? Kaɗan ne ƙwarai. Ga shi tsokar ƙafa ta riga ta gaji daga keke, tsokar da ta gaji kuma ba ta tare girgizar taku yadda ta saba, sai ragowar ta sauka a kan ƙashi. Wannan shi ne mafi munin yanayin da za ka gwada ƙaurin da bai daɗe da haɗewa ba.

Abin da ya fi damuna a lamarinka shi ne ƙarfin da kake da shi yanzu. Mai gudu zalla idan ya yi jinya, numfashinsa ma yana ja baya, sai haki ya taka masa birki kafin ƙafa ta kai ga wahala. Kai ba ka da wannan birkin. Ninƙaya da keke sun riƙe maka zuciya da huhu, za ka iya ɗaukar gudun da ka saba ba tare da ka yi haki ba, alhali ƙashi da jijiyoyi watanni suke ɗauka kafin su sake sabawa da duka. Sabon inji ne a kan tayar da aka yi wa faci jiya. Jikinka zai riƙa ce maka ka warke, kuma ta fuskar numfashi gaskiya yake faɗa.

Na ga wasu 'yan'uwa sun ba ka shawarar cewa ɗan ciwo ba komai ba ne, su ma da shi suka dawo. Ka lura, yawancinsu ciwon agara suka yi ko na jijiyar gwiwa. A ciwon jijiya, masu fisiyo da yawa suna yarda a yi atisaye da ɗan zafi daidai gwargwado, matuƙar ya lafa kafin washegari kuma ba ya ƙaruwa mako bayan mako. Ƙashi ba haka yake ba. Ƙa'idarsa ita ce babu zafi lokacin gudu, babu bayan an gama, babu da safe. In ka tashi da safe ka bi gefen ƙaurin da yatsa kana dannawa, ka iso wani ɗan wuri da bai wuce faɗin kan yatsa ba ya amsa maka, to ranar ba ranar gudu ba ce, komai daɗin da jiki ke ji. Shawararsu daidai take ga ciwonsu, ba ga naka ba.

Kada ka ɗauka akwabayik ɗin hutu ce. Kilomita 90 aiki ne. Baya da wuya da mazauni za su gaya maka, musamman in ka daɗe ba ka zauna kan keke awa uku a jere ba. In hanyar tana da hawa, miƙewa tsaye a kan feda da giya mai nauyi yana matsa wa ƙafa, gara ka sassauta giya ka zauna. Sannan akwai ɗan gudun da ake mantawa da shi: daga bakin ruwa zuwa inda keke yake, ƙafa ba takalmi, sau da yawa a kan kwalta ko siminti. Taka shi da tafiya, minti ɗaya ko biyu ne kawai za ka rasa.

Babbar illarta kuwa biyu ce. Ta farko, ninƙaya da keke ba sa gina ƙashi yadda gudu da ɗaga ƙarfe suke yi. In ka nutse cikin shirin kilomita 90 har ka yi watsi da ɗan gudunka na gauraye da tafiya, da atisayen ɗaga dunduniya da na ƙugu, za ka gama gasar da farin ciki amma ƙaurin yana nan inda ka bar shi. Dole su tafi tare, gudun kuma a bar kwana ɗaya tsakani. Ta biyu ita ce ci. Dogon atisaye yana ƙone ƙarfi mai yawa, rashin cin abin da ya kai abin da jiki ke ƙonewa kuma yana cikin manyan dalilan tsagewar ƙashi a wurin 'yan wasa, maza da mata. Kwamitin Olamfik na duniya ya fitar da matsaya a kan wannan matsala a 2014. Mai jinya yakan ji tsoron ƙiba sai ya rage ci daidai lokacin da ƙashi ke neman kayan gyara. In wannan ya taɓa ka, ka faɗa wa likitanka, a duba har da bitamin D.

Na san abin da ke cin ranka, ko ba ka faɗa ba: gani kake in babu gudu ba ka dawo ba. Ni ban yarda da wannan ba. Hukumar World Triathlon, mai kula da wasan a duniya, tana shirya gasar duniya ta akwabayik ga masu fafatawa bisa rukunin shekaru tun 2017, kuma akwai waɗanda ita ce wasansu gaba ɗaya. Duk abin da ka yi kewa yana ciki: tashin asuba, jera kaya a wurin canji, cunkoson farkon ninƙaya, faɗuwar gaba kafin a busa usur. Abin da gajeren tirayatalon ya fi ta da shi guda ɗaya ne, amma babba ne, ba zan rage masa daraja ba. Ranar da ka tsallake layin ƙarshe da ƙafarka a guje, tsoron da ciwon ya dasa maka zai ragu ƙwarai. Wannan ranar tana zuwa. Tambayar kawai ita ce ko nan da wata biyu ce.

Zan iya sauya ra'ayi in wasu abubuwa suka tabbata. In ya zamana makonni kafin gasar kana gudun minti 30 a jere babu zafi ko kaɗan har washegari, kana iya tsalle da ƙafar ita kaɗai ba ta amsa ba, ka kuma gwada gudu kai tsaye bayan keke sau da dama a atisaye lafiya lau, to gajeren tirayatalon ya zama abin tattaunawa da likitan fisiyo. Amma wanda yanzu aka ce ya fara gudu a hankali, da wuya ya cika waɗannan duka cikin wata biyu ba tare da ya yi gaggawa ba.

Akwai tambaya ɗaya da ba ka amsa mana ba, kuma tana iya rushe duk lissafin nan: a ina tsagewar take? Wadda ke gefen ciki ta bayan ƙashin ƙauri ita ce aka fi samu, kuma takan warke lafiya in an huta. Wadda ke gaban ƙashin daban ce, likitoci suna sa ta cikin masu haɗari domin tana jinkirin haɗewa, wani lokaci har sai an yi aiki. In taka ta gaba ce, maganar gudun gasa a bana ba ni ko wani a cikinmu zai yanke ta ba, ta likitan ƙashi ce kaɗai.

In zuciyarka ta nace sai ka shiga gajeren zangon, tambayi masu shiryawa ko suna karɓar 'yan tawaga. Gasa da yawa suna yarda mutum biyu ko uku su raba zangunan, kai ka yi ninƙaya da keke, ka miƙa wa wani na'urar lokaci ya yi gudun. Ka tambaye su kuma ranar ƙarshe ta canza rukuni, domin wasu suna rufewa tun saura makonni.